Shikago, Garin da Kowa Baƙo Ne

A bakin Tafkin Mishigan, can arewacin Amurka, akwai wata fadama da 'yan asalin ƙasar ke kira da sunan albasar dajin da ke tsirowa a cikinta. Daga nan aka samo sunan Shikago. Baƙon farko da ya kafa gida a wurin, wajen shekarun 1780, baƙar fata ne ɗan kasuwa, Jean Baptiste Point du Sable. A 1837, da aka ba garin matsayin birni, mutanensa 4,000 ne da 'yan kai. Zuwa 1890 sun haura miliyan ɗaya.

Haihuwa kaɗai ba ta tara irin wannan jama'a. 'Yan ci-rani ne suka cika garin. Mutanen Ayalan suka haƙa hanyar ruwan da ta haɗa garin da Kogin Illinois, wadda aka buɗe a 1848. Jamusawa suka kama sana'o'in hannu. Da aka buɗe babbar kasuwar kara da mahauta a 1865, sai ga mutanen Polan da Lituwaniya daga baya, kowace ƙabila da unguwarta da cocinta.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To a Shikago wane ne kaba? Wanda ya riga ka sauka da shekara goma shi ne ke harararka. A 1855 aka zaɓi Levi Boone magajin gari, da goyon bayan jam'iyyar ƙin baƙi da ake wa laƙabi da "Ban San Komai Ba". Shi kansa haifaffen jihar Kentaki ne. Yana hawa ya hana waɗanda aka haifa a ƙasashen waje aikin hukumar birni, ya ɗaga kuɗin lasisin sayar da giya daga dala 50 zuwa 300, ya tilasta rufe mashaya ranar Lahadi, ranar da leburori ke hutawa. Kowa ya san da Jamusawa da 'yan Ayalan ake. Ranar 21 ga Afrilu aka gwabza da 'yan sanda, har rai ya salwanta. Shekara ɗaya Boone ya yi a kan kujera.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne labarin gobarar 8 ga Oktoba, 1871, wadda ta ci rayuka kusan 300, ta bar mutum wajen 100,000 ba matsuguni. Garin kusan duk na katako ne, ga fari, ga iska. Amma aka bar duk wannan, aka ɗora laifin a kan Catherine O'Leary, 'yar Ayalan mai sayar da madara, wai saniyarta ce ta shure fitila. Da wannan tabon ta rasu a 1895. Sai a 1997 majalisar birnin ta wanke ta, ita da saniyar tata.