Fijo 504 da Karatun Kunne

Tun da na ajiye sifana na bar wa yara garejina na Damba, babu abin da ke sosa mini rai irin in ji kanikawan zamani, waɗanda ba su gane ciwon mota sai sun jona mata kwamfuta, suna kiran Peugeot 504 akwala, alhali kuwa ita ce a 1975 ta cinye tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta haɗa da na Maroko da na Bandama a Kwaddibuwa, a shekarar da masana'antar Kakuri ta Kaduna ta fara fitar da motoci. Turawa sun jarraba ta 'yan kwanaki cikin laka da ƙura suka ba ta kofi. Direbobinmu kuwa, da suka riƙa labta wa wagon fasinja da buhuna daga Gusau zuwa Funtuwa, damina da rani, su ne suka yi mata jarrabawar haƙiƙa, ba wanda ya rubuta sunayensu.

Maigidana a wannan sana'a, Allah Ya jiƙansa da rahama, yakan kafa tsinin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne bisa ƙotarta, ya yi shiru kamar mai sauraren hadda, sa'an nan ya ambaci bawul ɗin da ya saki, kuma idan an kwance sai a tarar yadda ya faɗa. Da kunne yake saita kafireta, da kwalin ashana yake auna tazarar kontak. Wata ranar Juma'a wani direban Bungudu ya matsa a saki motarsa, yana rantsuwa lafiyarta lau. Maigida ya hana, ya ɗauke shi suka bi hanyar Tsafe har gindin dutsen Kwatarkwashi, inda ƙarar da shi kaɗai ya ji a gareji ta bayyana ga kowa.

Ba ya yaye almajiri, komai daɗewarsa, sai ya juya wa mota baya ya faɗi illarta daga sauti kawai, domin a wurinsa rayukan fasinja amana ce. Da Kaduna ta daina haɗa 504, motoci 'yan Kwatano suka cika tasha, wannan ijaza ta yanke, kuma a yau ban san gareji ɗaya a Gusau da ke neman ta ga yaro kafin a yaye shi ba.