Yadda Rufin Gidaje Ya Fara Sayar da Wuta a Jamus

A Jamus ne tsarin biyan mai gida kuɗin wutar da faifan solarsa ya tura wa babban layi ya fara tsayawa da ƙafarsa. Kafin 1991, manyan kamfanoni ne ke riƙe da layukan wuta, su ne kuma ke yanke wa ƙananan masu samarwa farashin da suka ga dama. A watan Janairun shekarar aka fara aiki da dokar da ta tilasta musu sayen wutar ruwa, iska da rana. Wutar iska da ta rana ana biyanta kashi 90 cikin 100 na matsakaicin farashin da jama'a ke saye. Masu injinan iska a arewacin ƙasar sun ci moriyar hakan, amma kuɗin bai isa mayar da jarin faifan sola ba, domin yana da tsada ƙwarai a lokacin.

Garuruwa ne suka nuna mafita. Aachen, Freising da Hammelburg sun yarda a biya mai sola abin da zai mayar masa da jarinsa. Wannan dabara ce 'yan majalisa Hermann Scheer da Hans-Josef Fell suka taimaka ta zama dokar ƙasa a watan Afrilun 2000. Dokar ta ba wutar da ake sabuntawa fifiko a layi, ta kuma yanke wa wutar rana fenik 99 na kuɗin Jamus na lokacin a kan kowane kilowat na awa guda har shekara 20. Ga sababbin masu shiga, farashin ya riƙa raguwa duk shekara.

Wannan tabbaci ya sa bankuna suka saki bashi, manoma suka shimfiɗa faifai a kan rumbuna. Yawan buƙatar ya jawo masana'antun Sin, farashin faifai ya faɗi a duniya baki ɗaya.

Masu biyan kuɗin wuta ne suka ɗauki nauyin wannan tsari ta hanyar wani ƙari da ya kai santi 6.88 a kan kowane kilowat na awa guda a 2017, kafin a soke shi a 2022. Rabon wutar da ake sabuntawa ya tashi daga kusan kashi 6 cikin 100 a 2000 zuwa fiye da rabi a 2023. Aikin da ya rage shi ne na layuka: iska tana arewa, manyan masana'antu suna kudu, shi ya sa ake shimfiɗa layin SuedLink domin haɗa yankunan biyu.