Sojan da aka biya da gona: labarin gidan Jarret de Verchères

Yau za mu ƙetare teku zuwa Kanada, yankin Kebek, inda ƴan uwanmu da yawa ke karatu yanzu. Idan sun bi bakin kogin Saint-Laurent, ƙasa kaɗan da Monreyal, za su iske wani gari ana ce da shi Verchères. Sunan wani soja ne.

A 1665 Sarkin Faransa Louis na 14 ya aika rundunar Carignan-Salières, sojoji kamar 1,200, don su yaƙi Irokwa, ƴan asalin ƙasar. Cikinsu akwai ƙaramin hafsa, François Jarret, a ƙarƙashin kawunsa kaftin Contrecœur. Da aka yi sulhu a 1667, sarki ya so sojojin su zauna su yi noma, kuma kusan 400 suka zauna. François yana cikinsu. A 1669 ya auri Marie Perrot, yarinya ce da ba ta kai shekara 15 ba. A 1672 aka yanka masa ƙasa a bakin kogi, ya kafa shinge na itace, ya zuba manoma. Suka haifi ƴaƴa 12.

To amma fa kyautar tana da ƙaya. Wurin yana kusa da hanyar da Irokwa ke bi idan sun fito yaƙi, wato an dasa gidan ne ya zama garkuwar Monreyal. A 1690 Marie da kanta ta tsare shingen. A 1691 aka kashe ɗansu François-Michel. Babbar ɗiyarsu Marie-Jeanne kuwa sau biyu tana takaba, mazan duka a yaƙin nan suka mutu.

Wadda duniya ta sani ita ce Madeleine, an haife ta a 1678. A watan Oktoba na 1692, uba yana Kebek, uwa tana Monreyal, sai Irokwa suka faɗa wa masu aiki a gona, suka kama mutum wajen 20. Wani ya cafki ƙyallen da ta ɗaura a wuya, ta kwance ta bar masa, ta ruga ta rufe ƙofa. Ta sa hular soja, ta harba igwa don ƙauyukan kusa su ji. Shekararta 14.

Nan ne muke so ku saurara da kyau. Labarin daga bakinta ya fito, kuma sau biyu ta ba da shi. Na farko a 1699, cikin wasiƙa zuwa ga matar wani minista a Faransa, tana roƙon fansho saboda gidansu ya talauce. A wannan labarin soja ɗaya ne cikin shingen, abin kuma bai daɗe ba. Fiye da shekara 20 bayan haka, da ta sake rubutawa, sai ga Irokwa 45, sai ga kewaye na kwana 8. Ba mu ce ƙarya ta yi ba, jarumtarta ta tabbata. Amma kun san yadda labari ke ƙiba idan ya daɗe a baki. Roƙon dai ya karɓu: da uban ya rasu a 1700, aka mayar mata da fanshonsa, da sharaɗin ta riƙe mahaifiyarta.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne Irokwa. Cikin takardun nan ba su da suna, ba su da iyali, ba a ce komai kan ƙauyukansu da rundunar su François ta ƙona a 1666 ba. Mu da muka tashi da labarin Cazemajou a Damagaram da na Sarauniya Mangu a Lugu, mun san yadda abu ɗaya ke fitowa daban a littafin lakwal da kuma bakin kakanni.

Madeleine ta yi aure a 1706, ta rasu a 1747. A 1913 aka kafa mata mutum-mutumi na tagulla a Verchères, tana riƙe da bindiga, tana fuskantar kogi.