Taurari da Lokutan Ibada a Hor Al Anz

Hor Al Anz unguwa ce a ɓangaren Deira na birnin Dubai, tsakanin tsofaffin kasuwannin bakin ruwa da babban filin jirgin sama. Mazaunanta galibi baƙi ne 'yan ci-rani daga Indiya da Pakistan da Bangladesh da ƙasashen Afirka, kuma fataken Kano da ke zuwa sarin kaya a Deira ba baƙon wuri ba ne a gare su. A masallatanta akwai allon lantarki da ke nuna lokutan salloli biyar da mintinsu, kamar yadda hukumar harkokin addini ta Dubai ta tsara. Masu salla a nan yamma suke fuskanta, da ɗan karkata kudu, domin Makka tana yamma da su. Allon da alƙiblar duka ɗiyan ilmin falaki ne, kuma tarihinsu ya girmi unguwar nesa ba kusa ba.

Kafin man fetur, mutanen wannan gaɓar teku da nutson lu'ulu'u da kamun kifi da dabino suka dogara, kuma ba ɗaya daga cikin sana'o'in nan da ke yiwuwa ba tare da sanin sama ba. Kalanda biyu suke riƙe da su. Ta Hijira tana bin wata, kwananta 354 ne ko 355, saboda haka azumi da Hajji suke zagaya zafi da sanyi. Ta biyun, wadda ake kira Durur, tana farawa da fitowar tauraron Suhailu a watan Agusta, ta raba shekara gida 36 na kwana goma-goma, da rarar kwana biyar. Da ita ake gane sauƙin zafi, da lokacin iska mai kifar da jirgi, da lokacin barbarar dabino. Manomin ƙasar Hausa da ke duban Kaza da 'Ya'yanta don sanin ƙaratowar damina zai fahimci wannan nan take.

Malamai ba su ɗauki wannan sani kishiyar addini ba. Abin da suka yaƙa shi ne duba, wato da'awar cewa tauraro na sanar da gaibu ko yana juya rabon mutum. Auna tafiyar rana da wata kuwa hidima ce ga salla. Manyan masallatan Masar da Sham har ma'aikaci na musamman suke da shi mai lura da lokaci, kuma Ibn Shaɗir, wanda ya rasu wajen 1375, wannan aiki ya riƙe a Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, ya bar lissafin tafiyar wata da masana ke jinjina wa har yau. A wannan gaɓa kuma an yi Ahmad bin Majid na Julfar, wato yankin Ras Al Khaima na yanzu, matuƙin jirgin ruwa na ƙarni na 15 da ya rubuta yadda ake gane hanya da alƙibla ta tsayin taurari.

Kasuwar lu'ulu'u ta karye a shekarun 1930. An gano mai a Dubai a 1966, aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971, gari ya bazu har ya mamaye filayen da suka zama unguwanni irin su Hor Al Anz. Ladan ya daina auna inuwa, jadawali ya karɓi aikin. Igwar da 'yan sandan Dubai ke harbawa lokacin buɗa-baki ta saura, amma ita ma agogo take jira.

Sabon gini ya zo da sabuwar mas'ala. Burj Khalifa, da aka buɗe a 2010, tsayinsa mita 828 ne, kuma wanda ke ƙololuwarsa yana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. A azumin 2011 malaman Dubai suka yi bayani cewa mazauna hawa na 80 zuwa sama su jinkirta shan ruwa da minti biyu, na hawa 150 zuwa sama da minti uku. Hukuncin bai canja ba, faɗuwar rana ce sharaɗi. Lissafi ya nuna wa kowa tasa faɗuwar ranar ne kawai. Mas'alar ta kai har sararin samaniya: a Satumban 2019 ɗan sama-jannati Hazza Al Mansuri ya tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya cikin minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini guda. Shawarar da hukumar addini ta Dubai ta ba shi ita ce ya bi lokutan Makka.

Inda muhawara ba ta mutu ba shi ne ganin jinjirin wata. Masana falaki suna iya faɗin sa'ar da za a haifi wata shekaru masu yawa kafin ta zo, amma haihuwa daban, ganuwa daban: idan nisansa da rana bai kai kusan digiri 7 ba, ido ba ya kama shi. Jumhurin malamai, har da Malikawa, sun tsaya kan gani da ido. Taƙiyyuddin Subki, Bashafi'e da ya rasu a 1355, ya ce idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba zai yiwu ba, a mayar da shedar wanda ya ce ya gani, kuma wannan ra'ayi ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin ya tsare nassi ya kuma tsare jama'a daga kuskuren ido. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kwamitin ganin wata yana zama bayan magariba ran 29 ga Sha'aban, da malaman shari'a da masana falaki tare. A 2025 an ƙara da jirage marasa matuƙi masu ɗauke da kyamara. A Nijeriya Sarkin Musulmi ne ke sanarwa daga Sakkwato bisa rahoton kwamitin ganin wata na ƙasa, don haka wata shekarar ɗan kasuwar da ke Hor Al Anz kan tashi da azumi rana ɗaya da iyalinsa na Kano, wata shekarar kuma a sami tazarar kwana guda.