Jikokin Niklot: Yadda Turawa Suka Zama Kamar 'Yan Gida Ɗaya

A shekarar 1160 aka kashe wani sarki mai suna Niklot a ƙasar da yau take arewacin Jamus, gab da tekun Baltik. Ba Bajamushe ba ne. Sarkin Obodirawa ne, wani reshe na ƙabilun Silab, harshensa ya fi kusa da na mutanen Polan, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai saki addinin kakanninsa ba. Tun a 1147 aka shirya masa yaƙin Salibi sukutum, ya shige ganuwarsa ta Dobin, maharan suka yi ta zaman jira har suka gaji suka koma. Wanda ya ga bayansa shi ne Henri mai laƙabin Zaki, sarkin Saksoni.

To ku bi sunayen zuriyarsa ku sha labari. Ɗansa Piribisilab ya karɓi Kiristanci, aka mayar masa da ƙasar ubansa a 1167 bisa sharaɗin mubaya'a, ya kafa gidan ruhubanawa na Doberan a 1171, shekara na zagayowa ya bi Henri Zaki ziyarar Ƙudus. I, mutumin da rundunarsa ta kashe ubansa. Ɗan Piribisilab sunansa Henri Borwin, rabi Jamusanci rabi na gida, kuma 'yar Zakin ya aura. Jikokin wannan Henri su huɗu suka raba ƙasar: Yohan, Nikolas, wani Henri Borwin, sai auta da aka mayar wa sunan Piribisilab. Gidan sarautar yana nan, jinin yana nan, amma sunaye da harshe da ibada duk sun sake. Duk wanda ya san jerin sarakunan Kano, daga Bagauda da Warisi da Gijimasu zuwa Dauda da Yakubu da Muhammadu Rumfa, ya san suna ba ya sakewa a banza.

Mu a nan duk wanda ya fito daga can Bature ne, ɗan Ayalan ne ko ɗan Hangari, kamar dama haka Allah ya halicce su da coci iri ɗaya, jami'a iri ɗaya, baƙaƙen rubutu iri ɗaya. Alhali ƙera wannan kamannin aka yi, tsakanin wajen 950 da 1350, kuma da takobi da garma aka ƙera shi. Masanin tarihi Robert Bartlett ya yi littafi guda a kan wannan a 1993, hujjarsa kuwa ita ce Turai kanta sai da aka yi mata mulkin mallaka daga ciki kafin ta fita yi wa wasu.

Cibiyar abin ita ce tsohuwar daular Sharlaman: Faransa, yammacin Jamus da arewacin Italiya. A ƙarni na 10 wannan yanki shi ake kai wa hari, Bikinawa ta arewa, Magiyarawa ta gabas, Musulmi ta tekun kudu. Sai reshe ya juye da mujiya. Abinci ya ƙaru, jama'a ta yawaita, manyan gidaje suka soma bar wa ɗan fari gado kacokan don kada ƙasa ta yayyage. Ƙannen fa? Doki, sulke, mashi, sai a yi musu fatan alheri.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na wani ƙaramin basarake a Normandi da ke arewacin Faransa, Tankared na Hotbil, mai 'ya'ya maza 12 da ɗan ƙauyen da ba zai riƙe ko biyu ba. Yawancinsu suka gangara kudancin Italiya sojan haya, yau su yi wa wannan yaƙi gobe su yi wa abokin gabarsa. Kafin a ankara ɗaya daga cikinsu, Robat Giskar, ya zama mai kudancin Italiya. Ƙanensa Roja ya shafe shekara 30, daga 1061 zuwa 1091, yana ƙwace tsibirin Siƙiliya daga hannun Musulmi. Ɗan Giskar, Bohemon, ya kama Antakiya a 1098 a yaƙin Salibi na farko. Ɗan Roja kuwa ya naɗa kambin sarauta a Palarmo a 1130, kuma a fadarsa al-Idrisi ya kammala shahararren littafinsa na taswirar duniya a 1154. Jikan talakan basarake ke nan. A tsakanin nan sarkin Normandi kansa, Wiliyam, ya ci Ingila a 1066, daga nan Normawa suka kutsa Wels, suka sauka Ayalan a 1169. Sikotilan ma ba da yaƙi suka shige ta ba, sarkinta Dauda na Ɗaya ne ya gayyato su ya ba su ƙasa. Robat Burus, gwarzon 'yancin Sikotilan da ya kori Ingilishi a Banokban a 1314, asalin gidansu Normandi ne.

Amma mahaya doki ci kawai suke yi, manomi ke zaunar da ƙasa. Nan ne labarin ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi mantawa. Sarki a Polan ko Bohemiya ko Hangari yana da daji da fadama amma ba masu biyan haraji. Sai ya nemi ɗan kwangila, wanda takardun Latin ke kira lokato. Wannan zai tafi yamma, Filanda ko Holan ko bakin kogin Rain inda gona ta yi wa mutane kaɗan, ya yi shela: ga gona mai faɗi, ta gado ce, ba kai ba bauta, kuma shekaru kaza ba haraji har ka gama sassabe. Shi kuma ladansa kaso na gonakin, da izinin kafa injin niƙa ko gidan giya, da dagacin ƙauyen shi da zuriyarsa. 'Yan Holan da suka saba faɗa da ruwa aka ba fadamun Biremen su busar. Har yau akwai yankin da ake kira Filemin a kudu da Balin, sunan mutanen Filanda ne ya bi shi. Sarki Geza na Biyu na Hangari ya kai Jamusawa har Tiransilbaniya, cikin Romaniya ta yau, zuriyarsu ta zauna can fiye da shekara 800.

Birane kuma kwafarsu ake yi kamar yadda ɗalibi ke kwafar allo. Aka kafa Lubek a 1143, aka sake gina ta a 1159, dokarta ta zama uwa ga garuruwa wajen 100 a gaɓar Baltik. Ta Magdebag ta fi nisa: Karako ta karɓe ta a 1257, Bilniyus a 1387, har ta kai Kiyeb. Idan shari'a ta cije wa alƙalan sabon gari, sai su aika uwar gari ta ba da fatawa. Fatake ya yi tafiyar wata guda ya tarar da kasuwa a tsakiyar gari, majalisa, mudu da hukunci irin na gida.

Coci ta ɗaure sauran. Ruhubanawan Sistasiya sun fara da gida ɗaya a Faransa a 1098, kafin 1153 sun haura 300, duk tsari ɗaya, shugabanninsu na haɗuwa taron shekara. A Sifaniya, Kiristoci na da tasu hanyar ibada tun kafin zuwan Musulmi, Paparoma Giregori na Bakwai ya matsa sai an bi ta Rum, aka amince a taron Burgos a 1080. Shekara 5 bayan nan birnin Ɗulaiɗila na Musulmi ya faɗa hannun Kiristoci, aka ɗora masa babban bishop Bafaranshe. Ƙurɗuba ta bi a 1236, Ishbiliya a 1248. Ƙara da kuɗin azurfa da ƙasashen da ba su taɓa buga kuɗi ba suka soma bugawa, da jami'o'in Bolonya da Paris inda ɗan Denmak da ɗan Fotugal ke karanta littafi ɗaya da Latin su koma gida su zama magatakarda.

Kada dai a ɗauka abin na zumunci ne. Mayaƙan Salibin Jamusawa da ake kira Tiyutan sun shiga Purushiya daga 1230, suka murƙushe mutanenta, harshensu ya yi ta ƙanƙancewa har ya mutu wajen 1700, sunansu ma Jamusawa suka gaje. Musulmin Siƙiliya an kwashe su zuwa garin Lushera a Italiya, a 1300 aka rushe zamansu aka sayar da da yawa bayi. A Ayalan, dokokin Kilkeni na 1366 sun hana baƙin Ingilishi auren 'yan ƙasa da magana da harshensu. A wasu garuruwan gabas, ƙungiyoyin masu sana'a sai ka kawo shaidar cewa kai Bajamushe ne gaba da baya kafin a karɓe ka. A ganina, wanda ya karanta waɗannan ba zai yi mamakin abin da jikokinsu suka yi a Amurka da Afirka ba, sun daɗe da koyon sana'ar a gida.

Annobar 1347 zuwa 1351 ta kashe wajen sulusin mutanen Turai, masu neman gona suka yi ƙaranci, guguwar ta lafa. Lituwaniya, ƙasar maguzawa ta ƙarshe a Turai, ta karɓi Kiristanci a 1387. Zuriyar Niklot kuwa ta ci gaba da mulkin ƙasar kakanta, Mekalambag, a matsayin cikakkun Jamusawa har 1918, lokacin da na ƙarshensu, Firedirik Farans na Huɗu, ya yi murabus. Wanda ya je tsohuwar fadarsu a garin Shuwerin yau zai ga mutum-mutumin Niklot bisa doki a saman ƙofar shiga.