Zamanin da muke raba adireshi da biro

Yaran da ke shigowa sana'ar haɗa kwamfutoci yanzu maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a kashe rauta a kunna. Akwai wanda na nuna wa 169.254 a farkon adireshin injinsa, ya ce ai ga adireshi nan, lafiya ƙalau. Bai san kwamfutar ce ta ba kanta wannan lamba ba, bayan ta nemi mai raba adireshi ta rasa.

Mu da muka tashi a kafe-kafen Kano a farkon shekarun 2000, lokacin da kwanon VSAT a kan rufi shi ne abin taƙama, littafi muke riƙewa. Tun 1993 aka fitar da DHCP, tsarin da ke raba adireshi da kansa, amma maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da shi ba. Cewa yake injin da ba a san inda zai kwana ba, ba a san inda za a neme shi ba. Kowace kwamfuta da layinta a littafin: lambar tebur, adireshi, lambar katin. 192.168.0.1 na ƙofar fita ne, na kusa da shi na firinta, sauran na kwastomomi. Ka shigar da lamba a Windows 98, ta ce sai ka sake kunna ta, wani lokaci har ta tambayi faifanta. Idan injuna biyu suka yi karo a adireshi ɗaya, maigida ba ya duba allo, littafin yake ɗauka, ya ga rubutun hannun wa ke wurin.

Shi kuwa ya ga abin da ya fi wannan. A zamaninsa sai ka buɗe kwamfuta ka matsar da ƙananan jamfa a jikin katin NE2000 don kada IRQ ɗinsa ya ci karo da na wata na'ura. Kebul ɗaya ke ratsa ofis gaba ɗaya, ba ya wuce mita 185, da murfin om 50 a kowane ƙarshe. Mai shara ya kwance murfin nan, kowa ya tashi aiki. Windows 3.1 ma ba ta zo da TCP/IP ba, sai an ɗora mata Trumpet Winsock, manhajar da Peter Tattam ya rubuta can Tasmaniya. Daga baya da muka koma Linux, yatsuna suka haddace ifconfig, umarnin da ke nan tun 1983. Yau an ce ya tsufa, a yi amfani da ip.

Ban ce a dawo da littafi ba. Otal mai ɗaruruwan wayoyi ba a raba masa adireshi da biro. Amma duk yaron da ya zo neman aiki wurina, takarda nake miƙa masa in tambaye shi injuna nawa /26 ke ɗauka. Wanda ya ce 62 ya zauna. Wanda ya ciro waya zai duba, sai in ce Allah ya ba da sa'a.