Daga Laso Zuwa Siminti: Tarihin Binne Dagwalon Nukiliya

Gabatarwa

Masu iya magana suka ce, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Wannan ne ya sa na ga ya kyautu in ɗan taɓo wani tarihi wanda ba safai ake kawo shi a zauren nazarin Hausa ba, watau yadda ɗan'adam ya shiga neman abin ginin da zai kulle dagwalon nukiliya. Mai karatu yana iya cewa, me ya haɗa ɗalibin Hausa, ɗan Gagarawa Tasha, da wannan magana? Amsa ita ce, daga garinmu zuwa kasuwar Maigatari tafiya ce ƙanƙanuwa, daga nan kuwa an shiga Nijar, ƙasar da ta yi fiye da shekara 50 ana haƙar yuraniyom a cikinta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Laso da zuwan siminti

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya san dabarar tsare ruwa a rami. Marina ita ce shaida. Akan kwaso katsi daga gindin karofi, a ƙona shi, a daka, a kwaɓa da gashin jima da ruwan dafara, sai a sami laso. Da shi ake dalaye ramin marina don kada baba ya tsiyaye cikin ƙasa, da shi kuma masu hali suke shafe soraye. Amma magina sun san laso yana da wa'adi, in an kwana biyu sai an sabunta.

Shi kuwa simintin da muka sani, wani magini ne a Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi masa rajista a 1824. A ƙasarmu ta Gumel, inda rairayi ya fi yumɓu yawa, jirgin ƙasa ne ya sauƙaƙa zuwansa. Da layin dogo daga Kano ya kai Nguru a 1930, sai garuruwan tasha irin namu suka tashi, gyaɗa tana tafiya kudu, kwano da siminti suna tahowa. Daga baya aka fara yin sa a gida: Nkalagu a 1957, Sakkwato a 1967, Ashaka a 1979. Tun daga nan ya shiga zukatanmu cewa abin da aka dafe da siminti ya dafu har abada. Wannan zato shi nake so mu auna.

Darasin Sahara

Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi ƙwarai, domin kowa ya san daga can iskar hunturu take busowa. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairu 1961. Da surutun duniya ya yi yawa, sai Faransawa suka koma yin gwajin cikin wani dutse a In Ekker, suna haƙa rami mai nisa su toshe bakinsa da kankare. Ran 1 ga Mayu 1962 toshiyar ta kasa, ƙura da narkakken dutse mai guba suka yi waje, har suka taɓa sojoji da ministoci biyu da suka zo kallo. Wannan ne karo na farko da nahiyarmu ta ga iyakar ƙarfin kankare a gaban nukiliya.

Me ya sa aka zaɓi siminti?

Duk da haka masana ba su bar siminti ba, kuma suna da hujja. Da farko yana da araha, ana samunsa ko'ina, kuma ba ya bukatar wuta wajen kwaɓi. Na biyu, nauyinsa da kaurinsa suna tare tururin da dagwalon yake fitarwa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, damshin da ke cikin siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, wannan kaifi kuwa yana hana yawancin ƙarafa masu guba narkewa su bi ruwa. Saboda haka akan zuba dagwalo mai sauƙin guba a durom mai cin lita 200, a kwarara masa kwaɓi ya sandare, sa'an nan a jera duromomin a ɗakunan kankare. Haka Faransa take yi a ma'ajiyarta ta Aube tun 1992.

To, amma akwai wani sinadari mai suna siziyom wanda siminti zalla ba ya riƙe shi sosai. Don haka ake gauraya kwaɓin da tokar kwal, ko kashin ƙarfe na manyan masana'antu, irin wanda mu muke kira kashin maƙera, don ƙofofin da ruwa yake bi su tsuke. Ashe dabarar marina ce ta dawo da wata riga: a ɗauki shara, a ƙona, a mai da ita abin toshe rami. Dagwalon da ya fi kowanne zafi kuwa, ba a ba siminti amanarsa. Narka shi ake yi cikin gilashi, ko a sa shi a tukwanen tagulla a kewaye da yumɓu, kamar yadda ƙasar Finlan ta tsara a rami mai zurfin fiye da mita 400.

Babbar matsala ita ce lokaci. Siziyom yana rasa rabin ƙarfinsa cikin shekara 30, don haka bayan shekara 300 ya kusan mutuwa, kankare mai kyau kuwa ana sa ran ya kai haka. Amma radiyom sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya tafi, fulutoniyom kuwa shekara 24,000. Simintin zamani duka-duka shekararsa 200 a duniya. Jamusawa sun jibge durom wajen 126,000 a tsohuwar mahaƙar gishiri ta Asse tsakanin 1967 da 1978, sai ga ruwa ya fara shiga a 1988, har majalisarsu ta yi doka a 2013 cewa a tono su.

Tsibin Arlit

Yanzu mu dawo kusa da gida. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, mahaƙar Akouta ta kamfanin Cominak ta biyo baya a 1978. Hausawa da yawa daga Damagaram da Maraɗi da Tawa sun tafi can cin rani, wasu suka zauna. Idan an tace yuraniyom aka tafi da shi, sai a bar dusar dutsen, alhali kuwa yawancin gubar, har da radiyom, tana cikin wannan dusa. Ranar da aka rufe Cominak, 31 ga Maris 2021, tsibin da ta bari ya kai tan miliyan 20, a fili, kusa da garin Akokan. Wannan ya fi ƙarfin durom da kwaɓi. Shirin da kamfanin ya bayyana shi ne ya lulluɓe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2.

Ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen Arlit, da masu awo na CRIIRAD daga Faransa, sun sha nuna cewa tarkacen ƙarfe mai guba ya shiga kasuwa, an kuma yi cikon hanya da duwatsun mahaƙa. Talaka ya sayi ƙarfe ya yi ƙyaure ko tukunya, bai san abin da ya kai ɗakinsa ba, domin wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi.

Inda abin ya shafe mu

A 1987, a birnin Goyaniya na Burazil, 'yan gwangwan suka fasa wata tsohuwar na'urar asibiti mai siziyom. Mutum 4 suka mutu, aka rushe gidaje, aka binne tarkacen cikin ɗakunan kankare. Wanda ya san yawan 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan, daga Kano har Ikko, ya san wannan labari bai yi mana nisa ba, tun da asibitocinmu da kamfanonin mai suna aiki da irin waɗannan na'urori. A 1988 kuma aka gano dubban duromomin guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko. Wannan ya haifar da Doka ta 42 ta 1988, mai hukuncin ɗaurin rai da rai, ya kuma ƙarfafa yarjejeniyar Bamako ta 1991 wadda ta hana shigo da dagwalo Afirka. Nijeriya tana da hukumar kula da nukiliya tun 2001, tana kuma da ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004. A 2018 aka mayar da tsohon makamashinta ƙasar Sin.

Kammalawa

A nawa ganin, tarihin nan ya nuna siminti yana jinkirta guba ne kawai, kuma jinkirin yana da amfani matuƙar akwai mai duba ginin. Marina tana daɗewa ne don ɗa yana gadon uba, ya san inda ramin yake, ya san lokacin sabon laso. Kabarin dagwalo ma yana bukatar irin wannan gado, na shekaru dubbai, ta bakin mutanen da suke zaune kusa da shi. A nan aikinmu yake, 'yan'uwa ɗalibai. Mai sayen gwangwan a kasuwar Maigatari ba zai karanta gargaɗin da aka rubuta da Turanci ko Faransanci ba. Wajibi ne mu samar wa wannan ilmi kalmomin Hausa, mu kai shi rediyo da makarantu da kasuwanni, don wanda ya ga alamar nan mai fikafikai uku a jikin ƙarfe ya san ba abin ɗauka ba ne.